TARIHIN BAKIN INJEKTA: DAGA KAFIRETA ZUWA MOTOCIN KWATANO, DA MAGANAR FAFE SHI DON ƘARIN GUDU



Idan kana yawan kallon bidiyon motoci a TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan ba: mutum ya kwance wani bututun alminiyam daga injin mota, ya ɗauko ƙaramin injin gurza ya fafe cikinsa, ya bi da sanfefa har ya koma yana sheƙi kamar madubi, sannan ya mayar ya taka totur, mota ta yi ruri. Sai a rubuta maka a ƙasan bidiyon cewa ta ƙara ƙarfi, wasu ma har da cewa ta rage shan mai.

Wannan bututun shi ne makanikanmu ke kira bakin injekta. Yanzu da fetur ya yi tsada, duk wanda aka ce masa ga dabarar rage shan mai zai saurara, ko ɗan haya ne mai jigila daga Bagudo zuwa Birnin Kebbi, ko mai motar gida. To kafin ka miƙa makullinka a fafe maka, ya kamata ka san mene ne wannan ƙarfe, daga ina ya zo, kuma ta yaya ya iso garejinmu. Tarihinsa shi zai nuna maka abin da fafewa ke iya yi da abin da ba ta iya yi.

INJI DA NUMFASHI YAKE AIKI

Injin fetur ba ya ƙona mai shi kaɗai, sai ya gauraya da iska. Ma'aunin da ya fi ƙonewa tsaf shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Ka ga ke nan abin da inji ya fi ci shi ne iska. Lokacin da ka taka totur, abin da ƙafarka ke buɗewa ƙofar iska ce: wani faifai zagayayye da ke juyawa a kan sanda a tsakiyar bututu. Ya kwanta, iska ta wuce da yawa. Ya tsaya, ya toshe hanya, sai 'yar kaɗan da ke riƙe silo. Mai kuma binsa yake yi gwargwadon iskar da ta shiga. Riƙe wannan, don duk sauran bayanin a kansa ya tsaya.

ZAMANIN KAFIRETA

Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a 1886. A 1893 aka samu kafireta mai fesa mai ta siririn rami, daga hannun Wilhelm Maybach a Jamus, da kuma injiniyoyi biyu a Hangare, Donát Bánki da János Csonka. Dabarar ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. Ana matse maƙogwaron bututun a wuri ɗaya, iska in ta zo nan sai ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, ta tsotso fetur daga ɗan ramin. Faifan totur yana ƙasan wurin. Wato a kafireta, ƙofar iska da mai auna fetur gida ɗaya suke.

Wannan ita ce fasahar da iyayenmu suka sani. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar 'yan kasuwa. Makanikin wancan lokaci da sukuddireba da kunnensa yake saita silo. Ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya hura jet da baki, ya mayar. Har gobe wannan ilimin yana raye a wurinmu, domin Boxer ɗin 'yan kabu-kabu, da janareto, da injin ban-ruwa na masu noman shinkafa a fadamar Kwara, yawancinsu kafireta ce a jikinsu.

YADDA INJEKTA TA KARƁI GIDA

Kafireta tana da aibi ɗaya babba: ƙiyasi take yi, ba ta auna daidai a kowane yanayi. Tun 1954 Mercedes 300SL ta fito da tsarin fesa mai na kamfanin Bosch, amma na ƙarfe ne zalla kuma mai tsada. A 1967 Bosch ya sa tsarin D-Jetronic mai aiki da lantarki a motar Volkswagen 1600, wanda shi ne ya fara yaɗuwa da yawa a kasuwa.

Abin da ya kashe kafireta dokar hayaƙi ce. Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1970, kuma daga 1975 motocinta suka fara zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wadda mu muke kira indomi. Irin indomin da aka koma amfani da shi daga baya ba ya aiki sosai sai gaurayen iska da mai ya tsaya kusa da wancan 14.7. A 1976 Volvo ta fara sa sensar iskar oksijin a salansa, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwar mota ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kafireta ba ta iya bin wannan lissafi. Zuwa farkon shekarun 1990 ta ɓace daga sababbin motocin Amurka, a Turai kuma dokar Euro 1 da ta fara aiki a 1992 ta ƙarasa ta.

Da aka raba aikin, auna mai ya koma hannun ƙwaƙwalwa da nozul. Abin da ya rage na tsohuwar kafireta shi ne bututu da faifai. Shi ne bakin injekta. A jikinsa aka liƙa sensar da ke faɗin yawan buɗewar faifan, da wani ɗan bawul mai riƙe silo. A wasu motocin tsaka-tsakin zamani, kamar Golf 3 mai inji 1.8, nozul ɗaya ne tak a saman faifan, shi ya sa in ka kalle shi sai ka rantse kafireta ce. A na baya kuwa kowace silinda da nozul ɗinta, iska busasshiya kawai ke bi ta bakin.

Sai mataki na gaba, aka cire wayar totur ɗin kanta. BMW 750i ta ƙarshen shekarun 1980 tana cikin na farko. A wannan tsari ƙafarka sensa take takawa, ƙwaƙwalwa ta karanta, ta umarci ƙaramin moto ya juya faifan. Camry ta 2002, wadda ake ce wa Big Daddy, da wannan tsarin ta zo, kuma yau kusan duk sabuwar motar fetur haka take.

HANYAR KWATANO

Mu dai ba daga shagon sababbin motoci injekta ta zo mana ba. Bayan shirin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma kan motocin da Turawa suka gama hawa. Ana tara su a unguwar Heyvaert da ke Burasels, a loda a tashar jirgin ruwa ta Antwaf, shi ya sa har yau ake cewa 'yar Beljiyam. Da yawansu a Kwatano ake sauke su, domin harajin Binin ya fi sauƙi. Da gwamnatin Obasanjo ta sa iyakar shekarun motar da za a shigo da ita a farkon shekarun 2000, waɗanda suka haura iyakar sai suka ƙara karkata can. Haka ma da tsarin motoci na 2013 ya kai kuɗin fito da haraji kashi 70 cikin ɗari.

Daga Kwatano hanya ta miƙe arewa: Paraku, Kandi, Malanbil, sama da kilomita 700. Daga Kandi akwai reshen da ya nufo Segbana, wanda ke fuskantar Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo. Ta wajen Malanbil kuma ga Lolo da Illo. Wannan yanki tun kafin Turawa su ja layi hanyar fatake ce, kuma mutanen tsallaken nan da na can dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci. Don haka mutanen iyaka sun ga Golf, Carina, Starlet da Vectra da wuri.

Motocin sun iso, amma kayan gwada su da ilimin gyaransu ba su biyo su ba. Ga ƙurar hunturu, ga man bumburutu na cikin jarka da kwalba, ga kuma fetur mai gubar darma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama daina shi ba sai farkon 2006, alhali darma tana kashe sensar oksijin da indomi. Mota ta fara ciccijewa, makaniki ya duba bai ga sukurun da zai juya ba. Mafitar da aka samu a garejoji da yawa ita ce a cire injekta gaba ɗaya a ɗaura kafireta. Shekaru aka yi mai saye yana tambayar dillali, "Injekta ce ko kafireta?" kuma in aka ce injekta sai ya ja baya. A hankali masu gyaran wayar mota suka koyi aikin, na'urar gwaji ta yi araha, tsoron ya ragu.

Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin, a Nuwamba na shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da garuruwanmu suka ji a jikinsu. An buɗe iyakoki huɗu a Disamba 2020, ta Kamba kuma sai Afrilu 2022. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Naira ta ƙara faɗuwa a gaban sefa. Sakamakon shi ne wanda ke da tsohuwar mota dole ya lallaɓa ta, domin canza ta ko sayen kayanta na Beljiyam ya zama aiki. A cikin wannan hali ne bidiyon fafe bakin injekta ya same mu.

ASALIN FAFEWA DA GOGEWA

Dabarar ta masu tseren mota ce. A Ingila, injiniya Harry Weslake ya yi suna tun shekarun 1920 da 1930 wajen auna yadda iska ke bi ta hanyoyin kan inji, yana gyara siffarsu don ta wuce da sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasan Amurka masu ƙera motocin tsere suka ɗauki abin da zafi. Masu yin aikin da gaske suna da teburin gwaji da ke zuƙo iska ta cikin ƙarfen ya nuna adadin da ya wuce, su auna kafin su taɓa, su auna bayan sun gama.

A bakin injekta abu huɗu ake yi. Ana fafe mashigar ta zama kamar mazurari. Ana share gaɓoɓin da zubin ƙarfe ya bari. Ana rage kaurin sandar da ke riƙe faifan tare da limance kan sukurorinta. Wasu kuma su faɗaɗa ramin duka a injin tani, su yanka sabon faifai daidai da shi. Sai a ƙare da gogewa.

LISSAFIN DA BIDIYO BA YA NUNA MAKA

Ɗauki inji mai lita 2.0. Kowane juyi biyu yake cika silindoginsa sau ɗaya. Idan yana juyi 6,000 a minti kuma totur na ƙasa, iyakar abin da zai iya zuƙa kusan lita 6,000 ce ta iska a minti. A nan ne kawai faɗin bakin injekta zai iya zama cikas. Idan ramin milimita 60 ne aka mayar da shi 62, faɗin hanyar ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Amma iskar sai ta bi ta iyakilina, ta bi ta manifol, ta wuce bawul, hayaƙi kuma ya fita ta salansa. Wurin da ya fi matsewa shi ke yanke hukunci, kuma a motar da ba a taɓa injinta ba, yawanci bawul ne da kan inji. Kamfani ya riga ya auna bakin daidai da abin da injin ke iya ci.

Misalin da duk mai waya zai gane: ka sayo caja mai wat 65 ka sa wa wayar da aka ƙera ta karɓi wat 10. Cajar ba ta yi ƙarya ba, amma wayar wat 10 ɗin za ta ja.

Sannan ka tambayi kanka, sau nawa kake taka totur har ƙasa inji na juyi 6,000? A hanyar Bagudo zuwa Koko, ko kana kakkauce wa ramuka tsakanin Ka'oje da Tsamiya, faifan ko rabi ba ya buɗewa. Da gangan kake takure iskar da ƙafarka. Idan an fafe bakin, taki kaɗan zai ba da iska fiye da da, mota ta zabura da wuri, direba ya ji kamar ta ƙara ƙarfi. Ƙarfin injin yana nan yadda yake, wurin da ƙafarka ke samunsa ne ya matso.

Maganar rage shan mai kuwa, koma kan 14.7. Ƙwaƙwalwa tana auna iskar da ta shiga ta ba ta man da ya dace da ita. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Gudu iri ɗaya da kaya iri ɗaya, iska iri ɗaya inji zai ci, ko bakin yana sheƙi ko ba ya yi.

Shi kansa sheƙin ido yake burgewa. Iskar da ke manne da bangon bututu kusan a tsaye take, mafi yawan gudun a tsakiya yake, don haka siffar hanya ta fi santsinta tasiri. A inda fetur ke bi tare da iska, kamar kafireta da injekta mai nozul ɗaya, masu aikin ma sukan bar bangon da ɗan kaushi, domin a bango mai santsi sosai man yakan taru ya zama ɗigo maimakon ya gauraya.

Wanda fafewa ke yi wa amfani shi ne wanda ya riga ya canza kamshaf, ya gyara kan inji da salansa, ya sake saita ƙwaƙwalwa, kuma tsere yake yi.

ABIN DA KAN LALACE

Tsakanin gefen faifan da bangon bututu akwai tazara siririya ƙwarai, kuma da ita kamfani ya lissafa silo. Idan sanfefa ta ci wannan da'irar ko kaɗan, iska za ta riƙa satar hanya. Silo ya hau ya ƙi sauka, mota mai otomatik ta riƙa fizga in an sa giya, mai ya riƙa ƙonewa kana tsaye. Ƙarfen da aka gurje ba ya dawowa, sai sayen wani. Idan aka rage sandar fiye da kima tana iya lanƙwasa, kuma sukurun da aka limance ba a ɗaure shi da kyau ba, in ya kwance cikin inji zai faɗa, ya haɗu da bawul da fistin. Garin alminiyam da ba a wanke ba shi ma can zai nufa. Wasu bakunan, musamman na wasu motocin Ford, suna da wani shafe na musamman a ciki wanda gurzawa ke cirewa. Na lantarki kuma yana da moto da haƙoran roba da sensa biyu. Idan lissafinsu ya saɓa, ƙwaƙwalwa za ta kunna wutar cek ta hana motar gudu.

ABIN DA ZA KA YI DA WAYARKA

Abin da ya fi damun bakin injekta a yankinmu datti ne. Tururin baƙin mai da inji ke mayarwa cikin bututun iska yana haɗuwa da ƙura, ya zama baƙin danƙo a gefen faifan. Alamarsa silo mai rawa, mutuwa a mahaɗar hanya, ko jinkiri in ka taka. Wankewa ce maganinsa, kuma shi ya sa wasu ke yabon fafewa: an wanke musu dattin shekaru a cikin aikin, suka ba injin gurza ladan.

Tarihin nan ya bar mana kyauta guda. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket ɗin gwaji mai rami 16, wanda ake kira OBD2, Turai ta bi a 2001 ga motocin fetur. Yawanci yana ƙarƙashin sitiyari. Ga yadda za ka yi:

1. Ka samu 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka soka a soket ɗin, ka kunna makulli.
2. Ka haɗa ta da wayarka, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner. Motar Turai da ta girmi 2001 tana iya ƙin amsawa.
3. Ka karanta lambobin matsala kafin a taɓa komai, ka ɗauki hoton allon. P0121 da P0122 na sensar totur ne, P0505 na tsarin silo, P0507 silo ya yi sama, P0171 iska ta fi mai yawa.
4. Bayan inji ya yi zafi, ka duba juyin silo. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 600 da 800 suke zama.
5. Inji a kashe, makulli a kunne, ka taka totur a hankali kana kallon adadin buɗewarsa. Ya kamata ya hau sannu a jere, ba tsalle.

Idan wanki ake buƙata, a yi da feshin da aka yi don wannan aiki da tsumma mai laushi, ba sanfefa, ba burushin ƙarfe. Kada a fesa cikin moto ko sensa. Na lantarki kada a banƙare faifansa da ƙarfi, kuma kada yatsa ya shiga makulli na kunne. A sa gaskit mai kyau, a duba robar iska ko ta tsage, a canza iyakilina in ta toshe, musamman bayan hunturu. Bayan wanki wasu motocin, irin su Nissan, sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa silo, don haka ka tambayi makanikin ko ya san yadda ake yi kafin ya kwance.

Idan kuma duk da haka kana son ka gwada fafewa, ka sayi wani bakin na Beljiyam a yi a kansa, naka na asali ka ajiye. Ka sa a zana layi a da'irar da faifan ke zama, kada a kusance ta. Ka auna da wayarka kafin aiki da bayansa, ka kuma lissafa litar da ka sha a hanya ɗaya sau biyu. Wanda ya ce maka zai rage shan mai, ka ce ya nuna maka a lamba.

Ka tura wa direba ko makanikin da ka sani. Wanda ya gwada na'urar a motarsa ya ga lambar da bai gane ba, ya rubuto ta tare da sunan motar da shekararta, za mu duba tare.